Gyaran da ya kusa hana a kai mini lefe Kurfi

Sau uku na karanta sharhin kafin na tura. Ɗan kawuna ne ya zana salsalar zuri'armu ta Dutsin-Ma a Facebook, ya sa Gwaggo Lami a matsayin autar Kaka.

Ni kuwa na bincika. Na rubuta: "Gyara kaɗan. Lami jikar Kaka ce, ɗiyar Baffa Sani ta fari. Don kunya aka ba Kaka ita tun daga yaye."

Ko minti goma ba a yi ba ta kira.

"Malam mai digiri, ashe ni yayarka ce?"

"Gwaggo, ai tarihi ne kawai."

"Wace Gwaggo? Shi kansa Baffan naka Yaya nake ce masa, bai taɓa gyara mini ba. Nemo gwaggon gaske ta kai maka lefe Kurfi ran Asabar."

Ba ni da wata gwaggon. Akwatunan ma suna ɗakinta.

Na goge sharhin, na rubuta: "Na sake dubawa, autar Kaka ce."

An kai lefe lafiya.

Ku a gidanku, wane kuskure ne kowa ya sani amma ba a gyarawa?