Bayin Da Ya Fitar Da Mahaifina Daga Gidansa

Edita, a shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasar nan, ni matashin ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, ɗan Dutsin-Ma, da 'yar motata, da kwat guda biyu, da wani irin ji da kai wanda har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifina, kuma duk wanda ya san mutanenmu ya san nauyin wannan. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kama sunana ba, yaron nan yake ce mini har na yi gemu. In na durƙusa gaishe shi, gefe yake kallo yana amsawa. Asalinsa mutumin Tamawa ne ta ƙasar Kurfi, fataucin hatsi ya zaunar da shi a Dutsin-Ma, ga shi ma'abocin karatu. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, gidan daga shi sai ƙanwarsa, wato Goggona.

Wata shekara aiki ya kai ni Legas, aka sauke mu a otal. Ɗakin bai dame ni ba, bayin ne ya tafi da hankalina. Farin tayil tun daga ƙasa har sama, baho wanda ƙato zai miƙe a ciki, ruwan zafi da na sanyi, madubi ya cinye rabin bango. Ina jiƙe a ruwan ɗumi sai makewayin gidanmu ya faɗo mini: katangar ƙasa ba rufi, masai da tsohon faranti a bakinsa, da dutsen da Baba ke zama a kai ya yi wanka, ga gwiwa ta fara cinsa. Nan na rantse sai na gina masa irin wannan. Tsakani da Allah tausayinsa na ji, amma ba zan ɓoye ba, akwai son a sani a ciki. So nake a ce ɗan Malam ya yi abin da ba a taɓa gani ba a unguwar.

Da yake ba maganar da zan tunkare shi da ita ba ce, Goggo na aika. Ta dawo ta ce ya sa albarka, amma ya ce wanda ake da shi ma ya wadatar. Na ce ai kawaici ne irin na manya. Ita kuma ta roƙe ni in bar tsohon masan a gefe ko don ɓacin rana, na ce wari zai ɓata mini aiki, na sa aka cike shi da ƙasa aka daɓe. Mai haɗa famfon wani Kirista ne mutumin kudu, ya fi shekara goma a garin, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ranar da za a kafa masan zama na tangaran, ya tsaya da awonsa a hannu, ya ce mini in aka ajiye shi inda na nuna, mai zama gabas zai fuskanta, shi kuwa duk gidan Musulmin da ya yi wa aiki kudu ko arewa ake juya shi. Ya ce a matsar da bahon, a rage madubin, komai zai zauna. Kai, raina ya ɓaci! Na ce masa ba shi zai koya mini addinina ba, malamai sun ce in cikin gini ne akwai rangwame, ya yi abin da aka kira shi yi. Sai ya ajiye awonsa. Ya kafa masan a matse tsakanin baho da kwanon wanke hannu, yadda ko karkacewa mutum ba zai iya ba.

Aiki ya yi kyau, wannan ba ƙarya. Aka ɗora tanki, aka sa hita, na jera tawul da sabulu mai ƙanshi. Mata suka yi ta zuwa kallo suna tafa hannu. Baba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa, ya daɗe yana dubawa, ya ɗaga kai ya kalli inda rana take, sannan ya ce Allah ya yi wa yaron nan albarka. Na koma Kaduna kaina kamar ya fashe don alfahari.

Bayan wata biyu na zo gida na tarar ya rame. Goggo ta ce tuwon dare ya daina ci, fura ma sai kurɓi biyu ya ture, ruwa kuwa sai in zai haɗiyi magani. Na tambaye ta ko wani abu ke damunsa, ta sunkuyar da kai ta ce tsufa ne. Daga nan na shiga safa da marwa tsakanin Kaduna da Dutsin-Ma. Na kawo madara, na kawo maganin buɗe ciki, na sa aka sayo kifi daga madatsar ruwa ta Zobe aka yi masa farfesu, ya ɗanɗana ya ce madalla, ya rufe. Na kawo mai allura, na karɓo rubutu, duk a banza. Wallahi ban taɓa jin ni ba kowa ba ne irin lokacin nan. Ga kuɗi a aljihuna, ga uba yana narkewa a gabana, ni ba damar in zauna kusa da shi in ce Baba mene ne, shi ba damar ya dube ni ya faɗa. Sai in durƙusa a bakin ƙofarsa in ce ya jiki, ya ce da sauƙi, in tashi.

Cikin damina Baba ya faɗi a hanya, wasu manoma suka kawo shi a kan jaki, jikinsa duk laka, buta a hannunsa. Ko a nan ban gane ba, kun ji wautar ɗan boko. Na kwashe shi zuwa asibiti a Katsina, likita ya ce jikinsa ya bushe, rashin shan ruwa ya taɓa masa ƙoda. Da aka sallame mu, ya ce da Goggo ta gaya wa yaron nan a kai shi Tamawa wurin ƙanensa ya sha iska. Na kai shi ba da son raina ba. Abin da ya ɗaure mini kai, ranar da muka isa ya shanye kwanon fura tas, har ya nemi ƙarin ruwa.

Na kwana a Dutsin-Ma, da hantsi na shiga bayin a karon farko tun da aka gama shi, don da ma in na zo a gidan saukar baƙi nake kwana. Sabulun da na jera yana nan a takardarsa. Baho ya yi ƙura, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin masai. Na zauna a kan murfinsa, sai ga rana ta leƙo ta 'yar tagar da ke saman ƙofa, ta dalle ni a tsakiyar ido. Na fito na sami Goggo, tana ganina ta fashe da kuka. Ta ce ko sau ɗaya Baba bai shiga ba. Ya san fatawar rangwamen sarai, amma ya ce shekara saba'in bai taɓa yin wannan lalura yana kallon inda yake kallo in zai gana da Ubangijinsa ba, zuciyarsa ba za ta iya ba. Ita mace ce, takan shiga maƙwabta. Shi kuwa dattijo ba ya kutsa gidan matan aure, sai ya ja gwiwarsa har bayan duwatsu a wajen gari, ya rage ci da sha don tafiyar ta zama sau ɗaya. Kuma ya haɗa ta da Allah kada ta gaya mini, wai yaro ya yi abu don ya faranta masa, ba za a kunyata shi ba.

Ranar na je da kaina na nemo mai famfon nan. Ya dube ni, bai ce ai na gaya maka ba, jakarsa kawai ya ɗauko. Kwana biyu aka fasa tayil, aka cire madubin, aka juya masan kudu. Na kama hanyar Tamawa da haddar ban haƙuri cike da bakina, amma ina durƙusawa a gabansa komai ya gudu. Abin da na iya cewa kawai shi ne an gyara bayi. Ya kalli gefe kamar kullum, ya ce ai da ma yana da kyau, in an yi girbi zai dawo. Ƙodar ta riga ta tafi. Ba a kai ga yanke gero ba muka binne shi a Tamawa.

Na san kwana ne ya ƙare, amma sanin haka bai taɓa sauke mini nauyin ba. Garin neman gira na rasa ido. Shi ya sa nake roƙon masu karatu, musamman waɗanda Allah ya hore wa, kafin ku rushe wani abu a gidan iyayenku da sunan gyara, ku tambayi wanda ke kwana da tashi da su, kuma ku saurari mai faɗa muku gaskiya ko ba addininku ɗaya ba. Albarkar da dattijo ke sawa ba kullum take nufin ya yarda ba, wani lokaci rufa maka asiri yake yi. Ni mutum biyu suka ja mini kunne, na uku ya yi shiru don kada in ji kunya. Bayin yana nan har yau, yana kallon kudu. Wanda na gina don shi bai taɓa taka cikinsa ba.