Kilt da Tumbina

Saura kwana uku a ɗaura wa abokina aure kwalin ya iso. Na kai shi ɗakina a Hyattsville, na rufe ƙofa, na wanke hannu kafin in buɗe. A ciki akwai kilt, wato zanen ulu mai nauyi, mai ninki-ninki ta baya, wanda mazan Scotland ke ɗaurawa daga ciki zuwa gwiwa. Kakannin abokina daga can suka zo, shi ya sa ya roƙi mu huɗu da za mu tsaya kusa da shi mu sa irin na gidansu, kore da shuɗi.

Na naɗa shi, na jawo maɗaurin fatar zuwa ƙarfensa. Bai kai ba. Na shanye ciki har na fara ganin duhu-duhu, na sake ja. Bai kai ba. Na zaro rula daga cikin littafi na auna abin da ya rage. Inci biyar.

Laifina ne. Tun ina yaro ni mai jiki ne, amma a Kano ban taɓa sanin awon ƙuguna ba. Telan gidanmu yakan dube ni kawai ya yanka wando mai faɗi, zariya ta yi sauran aikin, riga ta sauko ta rufe komai. Da na zo karatu Amurka na koyi lamba ɗaya, ta wandon jins, wanda nake ɗaurawa ƙarƙashin tumbi. Ita na rubuta wa masu ɗinkin. Ni da nake duba kowane waƙafi a rubutuna sau uku, na tsallake layin takardar awonsu da ya ce a auna a kan cibiya. Gaskiyar ita ce na gan shi. Ba na son sanin wannan lambar ne.

Na kira shagon. Suka ce sabo sai bayan mako shida.

Na zauna bakin gado da abin a cinyata. Shekara biyu a jami'a, wannan Ba'amurken ne kaɗai abokina. Teburinmu ɗaya a laburare. Duk lokacin sanyi shi yake kai ni Juma'a a Lanham, ya jira ni cikin mota yana duba takardun ɗalibai. Bai taɓa roƙona komai ba sai wannan tsayuwar. Na rubuta masa saƙon cewa ba ni da lafiya, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa.

Washegari na tafi wurin wani tela da ke aiki a ɗan lungu, bayan wani kantin kayan abincin Afirka. Dattijo ne Badamagare, kuma tsakaninsu da mu Kanawa akwai wasa. Direbobi biyu 'yan Nijar na zaune a bakin ƙofarsa suna shan shayi. Na gaishe su da murya ƙasa-ƙasa, na miƙa wa telan ledar da kilt ɗin ke ciki.

Ya baje shi a kan tebur. "Na matarka ne?"

"Ba ni da mata, Baba. Nawa ne."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Bakano da siket! Yau sai na kira Damagaram na ba da labari."

Direbobin suka tuntsire da dariya. Na yi bayani, ina kallon almakashinsa. Ya zagaya mini awo a kan cibiya.

"Saki."

"Na saki, Baba."

"Ƙarya kake. Idonka zai faɗo. Saki cikin nan, ba sato shi ka yi ba."

Na saki. Ya faɗi lambar da ƙarfi, da santimita, kamar mai shela a tasha. Sannan ya juya kilt ɗin, ya shafa ninkin, ya girgiza kai.

"Ɗana, ba ni da irin wannan ulu. In na kwance ninkin nan ba zan iya mayar da shi ba. Ka sa babbar riga ka je, ai ta fi kyau."

"Ba ita ya roƙe ni ba."

Dariyar ta tsaya. Dama tun a hanyar zuwa, cikin jirgin ƙasa, na riga na karanta duk abin da na samu game da yadda ake ɗinka shi, don haka na matsa kusa na nuna masa da yatsa. In aka cire ƙarafan aka matsar da su, za a samu inci biyu. Sauran ukun sai maɗaurin ya ƙara tsawo.

Sai dattijon ya ce, "Bon, shi ke nan. Cire bel ɗinka."

Ya yanka bel ɗina gida biyu, ya ɗinke kowane yanki a jikin maɗauri. Ya ƙara ƙyallen baƙin yadi a gefen da ke shiga ciki, don kada gaba ya buɗe in na zauna. Wajen awa biyu ina tsaye riƙe da wandona da hannu.

Da na ɗaura, hannuna ya kai shi ƙarƙashin tumbi kamar yadda ya saba. Dattijon ya buge hannun, ya ɗago kilt ɗin bisa cibiya, ya ja. Ƙarfen ya shiga rami na ƙarshe. Bakin kilt ɗin ya sauka daidai inda ya rufe gwiwa.

Na juya zan cire. Ya tare ni.

"Je ka ƙofar kanti ka dawo. In ba ka iya wuce buhunan shinkafa ba, yaya za ka wuce dangin amarya?"

Na roƙe shi. Ya ƙi. Na fita tsakanin jarkokin manja da kwalayen busasshen kifi, hannuna biyu a kan gabana, gumi na bin bayana. Wata Hajiya da ke zaɓar kuɓewa ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Sauke hannu, Bakano!" dattijon ya ƙwala daga baya. "Ɗaga kai!"

Na sauke. Babu abin da ya buɗe. Na ce, "Barka da yamma, Hajiya." Ta ce, "Yauwa, sannu, Malam," ta koma kan kuɓewarta. Na taɓa ƙofar, na dawo.

Ranar Asabar aka yi bikin a wani lambu kusa da Silver Spring. Akwai iska, kuma ni ne na farko a layi, zoben amarya na aljihun kwat ɗina. Muka isa gaba. Abokina ya juyo, fuskarsa fara fat, ya raɗa mini cewa ji yake kamar zai faɗi. Na ce ya jingina da ni, akwai wuri. Ya jingina, har aka nemi zoben.