Lauyan da Ya Sa Mai Wankan Gawa Ya Yi Magana

Ƙarfe bakwai da rabi Barista Nu'uman Sada yake buɗe ofishinsa, wani ɗan ɗaki a saman shagon masu sayar da kayan gyaran babur a cikin garin Daura. Kafin ya iso, bencin da ke gindin matattakala ya cika. Ga wanda injin niƙa ya cinye wa yatsu uku, mai injin ya sallame shi da "Allah ya sauwaƙe". Ga direban da aka kora da baki bayan ya shekara goma sha ɗaya yana ja wa mutum ɗaya mota. Ga matar da mijinta ya shekara biyu a gidan yari yana jiran shari'ar da ko sau ɗaya ba a kira ba. Barista zai bi su ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, ya rataye baƙar rigarsa da ta fara komawa ruwan toka, ya ce, "To, wa ya riga wa?" Shekara talatin ke nan yana haka.

Ni tafinta ne a kotu har na yi ritaya, saboda haka lauyoyi na san su ciki da bai. A watan gobe Barista Nu'uman zai rufe ofis, idanunsa sun gaza. Na kasa kunne ban ji ko ƙungiya ɗaya ta ce za ta tara jama'a ta yi masa sannu ba. Amma duk ƙarshen shekara sai an kama ɗakin taro an raba allunan yabo ga mutanen da ko sunan ƙauyen wanda suke karewa ba su sani ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro. Shari'a ɗaya zan ba ku, wadda aka yi a gabana.

Harisu mai gadi ne a siton hatsin wani attajiri a wani ƙauye na ƙasar Zango. Shekara huɗu da ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jiharmu, aka ce buhunan gero sun ɓace. Attajirin bai kai ƙara wurin alƙali ba, bai kai wurin 'yan sanda ba, sai ya miƙa Harisu ga 'yan sintirin da yake ciyarwa. Kwana biyu yana hannunsu. Ran na uku da safe suka turo shi gida a amalanke, lulluɓe da tabarma, suka ce kunya ce ta sa ya rataye kansa. Kafin azahar an kai shi makwanci, kamar yadda muka saba. Liman ya ce shi ba zai ja sallar wanda ya kashe kansa ba. Wani maƙwabci ne ya shiga gaba, mutum bakwai suka bi shi.

Mahaifiyarsa, wata tsohuwa da ake kira Inno, ita ta hau motar haya ta zo Daura ta zauna a kan wancan benci. Ba diyya ta zo nema ba.

"Lauya," in ji ta, "ni dai in na ce Allah ya jiƙan Harisu, sai mata su sunkuyar da kai. Ba mai ce mini amin. 'Ya'yansa kuma ana kiransu 'ya'yan mai igiya. Ni na haife shi, na san bai yi ba."

"Inna, akwai zama na musamman da majistare yake yi don a binciki abin da ya kashe mutum," Barista ya ce mata. "Zan nemar miki shi. Amma za a dame ki."

Aka kuwa dame ta. Dangi suka zo, masu faɗa a ji suka zo, kowa da kalma ɗaya a bakinsa: ƙaddara. A bar wa Allah, kwana ne ya ƙare. Wannan kalma tana ba ni tsoro a bakin mai ƙarfi. Mu ne fa muka cika fili muna kabbara muna neman shari'a, har muryoyinmu suka dishe. Ga ran Musulmi an ɗauka, sai duk muka koma masu wa'azin haƙuri, kuma wa'azin namu tsohuwa kaɗai yake nufa.

Da aka fara zama, lauyan attajirin ya miƙe yana murmushi. Ya ce ba likitan da ya duba gawa, saboda haka in suna da ja, su nemi a tone kabari. Da bakina na juya wa Inno wannan magana, na ga ta dafe ƙirji. Ya san abin da yake yi. Ya san ba uwar da za ta yarda a tone ɗanta. Ta ce, "A bar mini shi ya kwanta." Ni kaina na ɗauka magana ta mutu a nan.

A bakin kotu Barista ya tsuguna gabanta. "Inna, ba za a taɓa kabarinsa ba. Amma wa ya yi masa wanka?"

Malam Kabo ne, dattijon da yake wanke mamatan garin. Kowa ya san ƙa'idar wannan aiki: abin da mai wanka ya gani a jikin mamaci, da shi ake binne shi. A kan wannan shiru waɗanda suka kashe Harisu suka jingina. Sau huɗu Barista yana zuwa ƙauyen, yana cire takalmi a zauren Malam. Shi Malam Kabo ne ya ba ni labarin zuwan ƙarshe.

"Barista, ka daina wahalar da kanka," ya ce masa. "Shekara arba'in ina wannan aiki, ko mai ɗakina ba ta taɓa jin abin da na gani ba. Amana ce."

"Allah gafarta Malam, na yarda amana ce. Amma ta wa? Aibin mamaci aka ce a rufe. Abin da ka gani, aibinsa ne ko aibin waɗanda suka yi masa? In nasa ne, ka yi shiru, yanzu zan sa takalmina. In kuwa nasu ne, to su kake rufa wa asiri, shi nasa yana tone a kasuwa."

Malam ya ce sai ya tambayi na gaba da shi a karatu. Bayan mako biyu, ranar zama, sai ga shi a bayan ɗan acaɓa, ba wanda ya aika masa sammaci.

Ni na yi masa tafinta. Ya ce, "Wuyansa lafiya lau yake. Igiya a hannuwansa ta ci, har ta shiga nama. Tafin ƙafafunsa duk sun fashe. Da na juya shi, haƙarƙarinsa na dama ya lotsa a hannuna." Na juya wa kotu maganarsa kalma bayan kalma.

Lauyan attajirin ya taso masa. "Malam, kai likita ne?"

"A'a, ɗana. Amma na wanke mutum uku da suka rataye kansu. Na san yadda wuyansu yake."

Majistare ya rubuta cewa duka ne ya kashe Harisu. Aka gurfanar da biyu daga cikin 'yan sintirin, aka ɗaure su. Attajirin kuwa ko ƙofar kotu bai taka ba, har yau a sahun gaba yake salla, kuma wannan ban huce a kansa ba. Shi Barista abin da ya samu shi ne sunan tsiya, wai "lauyan gawa", manyan 'yan kasuwa kuma suka janye takardunsu daga ofishinsa.

Barista Nu'uman, kai ne ka karɓi sunan nan ba ka ko ɗaga kai ba. Kai ne ba ka raina al'adarmu ba, ba ka kuma bari azzalumi ya ɓuya a bayanta ba. Mai tsugunawa gaban tsohuwa da rigar lauya, mun gode. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya saka maka da abin da mu muka kasa. Ku kuma matasan lauyoyinmu, bencin nan ba zai tafi ritaya tare da shi ba. Wani a cikinku ya hau matattakalar nan ya karɓi makullin.

Juma'ar da ta biyo bayan hukunci, Liman ya taka da ƙafarsa har ƙofar gidan Inno, jama'a na biye da shi, ya ɗaga hannu ya yi wa Harisu addu'a. Inno tana daga bayan zana. Ta ce da ta ji amin ta tashi daga waje, sai ta zauna a ƙasa. Shekara biyu da wata biyar ta yi tana jiran wannan kalma.

Allah ya jiƙan Harisu. Mai karatu, ka amsa da ƙarfi.