Abin da Katumi Ta Rubuta a Fom

Idan kana hawa bas ɗin safe da ke fita daga unguwar Thamesmead a London, ka san Katumi ko da ba ka san sunanta ba. Doguwa ce, baƙa, da hijabi ruwan toka da takalmin aiki na roba, kullum tana kujerar bayan direba da jaka a cinya. Ba ta latsa waya, ba ta kallon kowa. Shekara goma sha huɗu ke nan tana ƙasar nan, tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi, tana yi wa iyayen wasu wanka alhali nata sun rasu a Kontagora ba ta ga ko makararsu ba. Ta taɓa aure a gida, shekara tara babu ko ɓari, har auren ya mutu don kansa. Da ta zo London, takardunta tsaf, sai ta kama flat a hawa na bakwai, inda taga ke kallon wani bene irin nata sak.

Abu ɗaya Katumi ta mallaka a duniya, wato Ameera. Ita ɗin ma ba ita ta haife ta ba, kuma ta daɗe tana ɓoye wa duk faɗin Ingila wannan maganar.

Ga yadda aka yi. Mariatu 'yar garinsu ce, ta zo karatu, ta yi aure a nan, ta haihu, mijin ya ce zai je Kanada neman aiki, daga nan ko waya. Katumi ta kwaso ta da jaririya ta ba su ɗaki. Da bizar Mariatu ta ƙare, ta ce za ta je gida ta sabunta, wata biyu ta dawo. A filin jirgi ta miƙa mata yarinyar, lokacin tana shekara biyu, ta ce, "Yaya Katumi, ga amana." Ba ta dawo ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita kwana biyar, Allah ya karɓi abinsa. Tsohuwar Mariatu ta yi waya tana kuka ta ce, "Ki riƙe ta, 'yata, ke ce uwarta yanzu." A wurinmu magana ta ƙare ke nan. Wa ya taɓa zuwa kotu don zai riƙe marainiya?

To amma nan ba Kontagora ba ce. Wata abokiyar aikinta ta taɓa ba da labari a ɗakin shan shayi, wai council, wato ƙaramar hukuma, ta ƙwace yaro daga hannun wata mata don ba ita ta haife shi ba. Ko gaskiya ne ko ƙari, oho. Katumi dai ta ajiye kofin shayinta ba ta ƙara kurɓa ba. Tun daga ranar, duk ambulan mai ruwan ƙasa irin na hukuma da ya faɗo ta ramin ƙofa sai gabanta ya faɗi. Ta sauya unguwa, ta bar masu sanin Mariatu. Ranar da ta kai Ameera makaranta, matar ofis ta duba kwanan wata kawai a takardar haihuwar yarinyar ta mayar mata.

Sai ga fom ɗin allurar rigakafi, Ameera na aji ɗaya. Katumi ta sa shi ƙarƙashin tire ta yi kamar ba ta gani ba. Bayan mako guda wata nas Baturiya ta kira ta, murya mai daɗi, ta ce babu bayanin allurar ƙyanda a fayil ɗin yarinyar. Ke ce mahaifiyarta, ko? Za ki iya kawo jan littafin nan da ake rubuta alluran jarirai? A wane asibiti kika haife ta?

Jan littafi kuwa ya bi jakar Mariatu zuwa Kontagora. Katumi na tsaye a ɗakin wanki na wurin aiki, zanen gado a hannu. Ba ta shirya ba, wallahi ba ta shirya ba. Kawai ta ji kanta tana cewa addininta ya hana.

Sai nas ɗin ta shiga ba da haƙuri. Ta ce sun fahimta, suna girmama wannan, ba za su sake damunta ba. Ta ajiye waya.

Ikon Allah! Katumi ta tsaya tana kallon wayar. Ashe akwai kalmar da ke rufe bakin Bature ruf. A ƙasar nan babu mai tilasta maka allura, ka ce a'a shi ke nan, amma sai an bi ka da tambaya da wasiƙa da kira. Idan ka ce addini, sai kowa ya ja baya yana murmushi kamar ya taka maka sallaya. Daga nan duk shekara, fom na zuwa, ta cika gurbin a'a, a layin dalili ta rubuta kalma ɗaya da Turanci: addini. Sai ta yi alwala ta yi istigfari, don ita ba jahila ba ce. Ta yi Islamiyya, ta san babu aya babu hadisi. Ita kanta tabon lamba na nan a kafaɗarta tun tana goye.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne yara na da baki. Ranar allura, ana jera 'yan ajin a kai su zaure, ita Ameera a bar ta a laburare ita kaɗai da littafi. Yara suka fara tambaya. Ameera ta ɗaga kai ta ce da Turancinta, su Allah ya hana su, Mamanta ta faɗa. Da alfahari take faɗa, kamar yaron da ya kai azuminsa na farko. Magana ta fita ƙofar makaranta ta hau bene, ta kai kunnen Luba, maƙwabciyarta ta hawa na biyar, mai 'ya'ya uku da miji direban tasi. Luba ta tare ta a lif.

"Anti Katumi, ashe abin nan haram ne ba ki gaya mana ba? Ni dama hankalina bai kwanta da shi ba."

Katumi ta ce, "Kowa ya yi abin da ya ga ya dace da shi."

Luba ta ɗauki wannan a matsayin fatawa. Kafin shekara ta zagayo, gidaje huɗu sun rubuta kalmar a fom ɗinsu. Wata don ɗanta na ihun allura, wata don ta ga wani bidiyo a waya, wata don kawai kada a ce Katumi ta fi ta tsoron Allah. Suka fara kiranta Malama. Ita kuwa duk sanda suka faɗa sai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta daina zuwa taron mata na ranar Lahadi, don akwai matan likitoci a ciki, masu tambayar a wane littafi aka gani. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki. Ranar Sallah su biyu suke cin tuwonsu, ita da Ameera, talabijin na ta surutu. Kaɗaici ya yi mata yawa, har takan tsaya hira da tsofaffin wurin aiki waɗanda ba sa gane ko 'ya'yansu, don su dai ba za su tambaye ta komai ba.

Ameera na shekara takwas aka kawo sabuwar nas, Janet Dung, 'yar Jos, gajeriya mai fara'a, Hausa a bakinta kamar a Kano aka yanke mata cibiya. Ita ba ta yi waya ba. A bakin ƙofar makaranta ta tsaya, lokacin tashi.

"Maman Ameera, sannu da aiki. Na ga abin da kika rubuta. Idan maganar alade ce, gaskiyarki, akwai irin da ake sa sinadarinsa a ciki. Amma akwai wadda babu ko ɗigo, ita muke yi wa yaran Musulmi. Zan nuna miki kwalin ki karanta da idonki. Ƙyanda ta shigo makarantun kudancin garin nan, kin ji dai."

Da Baturiya ce da an gama. Amma wannan ta san mu, ta san addinin, Musulmi maƙwabtanta ne tun tana yarinya. Katumi ta ji an zare mata tabarmar da take zaune a kai. Maimakon ta sauko, sai ta ƙara hawa. Ta haɗe fuska ta ce, "Sista, ke Kirista ce, ki bar mana addininmu." Janet ta kalle ta, fara'ar ta gushe, ta ce, "To, Allah ya ba ki haƙuri." Katumi ta ja hannun Ameera suka tafi. Wannan maganar ta fi duk ƙaryar da ta yi a baya ci mata rai, don ta san ta zagi mai son ta da alheri.

Bayan mako uku Ameera ta dawo da mura da jan ido. Kwana huɗu ƙuraje suka feso daga bayan kunne suka sauko har ciki. Katumi ta san ƙyanda, ta gan ta a Kontagora, ta ga ƙananan kaburburan da take bari. Ta yi ta shafa mata ruwan sanyi tana ba ta maganin zazzaɓi, tana cewa gobe zai sauka. Tsoron tambayar asibiti ya sa ta ƙara kwana biyu, kuma waɗannan kwana biyun ba za ta taɓa yafe wa kanta su ba. Da safiyar Talata numfashin yarinyar ya koma sama-sama, tana riƙe kunnen hagu tana kuka. Katumi ta kira motar asibiti. Daga asibitin kusa aka wuce da su babban asibitin Camberwell.

Kwana tara suka yi a ɗaki su kaɗai, an liƙa takarda a ƙofa, duk mai shigowa sai da takunkumi. Babu wanda ya zo dubiya. Luba ta turo saƙo ɗaya: nata biyu sun kamu, har da jaririn goye, kuma limamin masallacinsu ya ce shi bai san inda aka samo wannan haramcin ba. Ba ta ce Anti ba, ba ta ce Malama ba.

A rana ta shida, da la'asar, aka ƙwanƙwasa. Janet ce, da leda ta lemo da kunun gyaɗa a fulas. Ta ce ta tashi aiki ne ta ce bari ta leƙo. Katumi ta kalli fulas ɗin, sai kawai ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. Abin da ta riƙe shekara shida ya fito a cikin minti biyar, Mariatu, filin jirgi, jan littafi, duka.

Janet ta dafe kai. "Haba Maman Ameera! Haba! Wannan ai takarda ce ake cikewa. Council su zo su ga gida, su ga yarinya na cikin kulawa, a je kotu a ba ki riƙo. Mutane nawa suka yi? Da kin faɗa mini a bakin ƙofar nan, da ni zan raka ki."

"Za su ƙwace ta?"

"Ban isa in yi miki alkawari ba. Kuma dole in sanar, aikina ne. Amma zan faɗi abin da na gani."

Ma'aikaciyar council ta zo washegari, ta yi tambayoyi awa biyu, ta rubuta. Ta ce Ameera za ta koma gida da Katumi kafin kotu ta yanke, za su riƙa zuwa dubawa. Ta ce kuma yarinya na da haƙƙin ta san gaskiya, gara ta ji daga bakin wadda ta raine ta. A ranar ne kuma likita ya ce huhu ya warke, amma kunnen hagu ya tafi, ba a sa ran zai dawo.

Katumi ta jira har aka kwashe kwanukan rana. Ta zauna a gefen gado ta fara magana, ta yi nisa, sai Ameera ta ce, "Mama, ba na ji ta nan." Ta tashi ta zagaya ta dama ta sake daga farko. Ta gaya mata sunan Mariatu, ta nuna mata hoto a waya, ta ce ga wadda ta haife ki, ni riƙo na yi, tsoro ne ya sa na ɓoye. Ta shirya wa kuka, ta shirya wa a ce mata ke ba uwata ba ce.

Ameera ta daɗe tana kallon hoton. Sai ta ɗago, da Hausarta mai tsami wadda ba ta cika yi ba, ta ce, "To allurar fa? Allah bai hana ba?"

"Bai hana ba."

"Amma na gaya wa kowa. Ina zama a laburare ni kaɗai saboda shi."

"Bai ce ba, Ameera. Ni na ce."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta miƙa mata wayar, ta juya a hankali ta ɗora kunnen dama a kan matashi. Katumi ta ci gaba da cewa ki yafe mini, ki yafe mini, ta san sarai ba a jin ta.

Maganar na kotu har yanzu, an ce wata mai zuwa. Katumi ta bi gidajen nan huɗu ɗaya bayan ɗaya ta faɗi abin da ta yi, uku suka saurare ta, Luba ta yi magana ta bayan ƙofa ba ta buɗe ba. Ameera na kiranta Mama kamar da, tana cin abincinta, amma ta daina tambayarta abin da Allah ya ce game da komai, sai dai ta bari ranar Asabar ta tambayi malamar Islamiyya. Idan ka gan su a bas yanzu, Katumi ta bar kujerar bayan direba. Duk inda suka samu wuri, sai ta tsaya ta duba, ta zauna ta hannun daman yarinyar, ko da za ta yi mata magana.