Dogon Gindin Aduwa

A shekarar da fari ya cinye dabbobin Damargu, maigidana ne ke da teburin kilishi a gindin aduwar tashar Tanut. Shi ke yanka da shanya, ni ke daka labu a gida, tunkuza da citta da kanumfari da barkono. Ba yabon kai ba, direbobin kamiyo, manyan motocin kaya masu hawa Agadas, ba sa wuce mu sai sun ɗaure ƙunshi.

Shanu na ta faɗuwa a lokacin. In saniya ta kwanta ta kasa tashi, makiyaya su aiko masa, ya ɗauki wuƙa ya nufi wajen Tenhya. Tsere yake yi da mutuwa. In ya iske ta da rai, ya yi bisimilla ya yanka. In ya iske ta cika, ya bar wa ungulu ya juyo hannu rabbana. Na sha yi masa mita a kan wahalar banza.

Wata ranar kasuwa na kai masa labu, sai na ji dariya ta kece daga wani kamiyo da ke shan ruwa. Kaset ne direban ya sa. Muryar wani ɗan iska ce, yana buga galan yana rera waƙar shaƙiyanci, wai akwai wani dogo a gindin aduwa, shi da ungulu tare suke fita kiwo, ita ta ɗauki hanji shi ya ɗauki cinya. Mutanen da ke kan kaya suka juyo gaba ɗaya suna kallon teburinmu. Aduwa ɗaya ce a tashar, dogo kuma ɗaya ne, maigidana. Na juya wurinsa.

"Maigida, ka ji abin da na ji?"

"Na ji. Wasan 'yan tasha ne, gobe sun manta."

Ba su manta ba. Babu wanda ya zo ya ce mana mushe muke sayarwa, da ma an faɗa da na san wanda zan shaƙe. Gaisuwa ma ƙaruwa ta yi. Mutum ya tsaya ya tambayi gida da yara, idonsa na kan faifan kilishin, sannan ya ce yau cikinsa ba daɗi. Yaran tasha kuwa in sun ga ungulu ta gitta, sai su ce ga abokiyar ciniki ta zo.

Ni na matsa wa maigidana ya je wurin jandarma, aka kirawo direban da kaset ɗinsa. Babbansu ya saurari kaset ɗin har ƙarshe yana danne murmushi, ya ce ai ba a ambaci sunan kowa ba, wa za a kama? Na fusata, na bi direban nan na karɓi kaset ɗin, na sa shi a turmi na dake shi da taɓaryar labu. Direban ya ce, "Baba, kin wahalar da kanki. Wannan a Belbeji na kwafo, can ma daga Damagaram ya zo." Ranar na fara jin tsoro na gaske. Abin ba shi da uwa balle uba, kowace mota sai ta haifi wani.

Maigidana ya ce to, bari a gani da ido. Ya sayi bijimi mai tafiya da ƙafarsa, ya jawo shi tsakiyar tasha da hantsi, ya roƙi limamin unguwarmu ya yanka da hannunsa. Mutane suka taru kamar ana dambe. Da aka gama, na ji wata a bayana tana cewa, "Na yau dai mun gani." Kilishin bijimin nan mu muka cinye rabinsa, sauran ya yi ta kwana a faifai har ya canza wari.

A haka babbar salla ta zo. Tun aurenmu ban taɓa ganinsa a gida ranar layya ba, gida-gida ake jan hannunsa fiɗa, sai la'asar yake shigowa riga duk jini. Wannan karon ma ya wasa wuƙaƙensa tun jajibere, ya dawo daga idi ya shimfiɗa buzu a zaure, ya jera su a gabansa. Muna jin kukan raguna ta kowace katanga, yana raguwa, yana raguwa, har unguwa ta yi tsit. Ba wanda ya yi sallama.

Ya tashi ya yanka namu ragon. Washegari na kasa nama a kwanoni kamar kullum, na ba yara su kai wa maƙwabta. Kafin azahar kwanonin suka fara dawowa a rufe, da nauyinsu. Wannan ta ce nama ya yi musu yawa bana, waccan ta ce a gode. Bana, shekarar da rabin gari bai yi layya ba!

Na ƙarshe daga gidan liman ya dawo. Shi na so in ɓoye, amma maigidana ya riga ni ɗaga murfin. Ya daɗe yana kallon cinyar da muka aika, sannan ya rufe a hankali.

"Uwar yara," ya ce, "gobe kada ki daka labu."