Fasinjar Kawu Nomau

Ƙarar-ƙarar na ji ƙarƙashin ƙwaryar furata da na kife. Ina ɗagawa sai ga bushiya ta dunƙule. Ban ko tambaya ba, na san Kawu Nomau, ƙanen mahaifiyata, ya iso daga Gidan Rumji.

Ku da kuka san shi kun san ba ya wuce halittar Allah bai yi mata sallama ba. Ko guzar da ta addabi kajinsa, cewa ya yi a bar ta. “Mu ne baƙi. Kakanninta na nan muka zo muka kafa danga.”

“Kawu, a ƙwaryata?” na ce.

“To a hulata zan sa ta, ta tsefe mini kai?”

Ɗiyata Habsu, lokacin ko lakol, makarantar boko, ba ta shiga ba, ta manne wa bushiyar. Kawu ya ce, “Amaryata, zo in kai ki garin su bushiya.” Garinsu kuwa wani tudu ne cikin gulbi, da damina ruwa kan kewaye shi ya zama tsibiri. Na hana, ta yi kuka, dole na bi su a jirgin ruwan Kawu.

Wallahi mun ga abin mamaki. Duk abin da ruwa ya koro yana can: balbelu fari fat kan bagaruwa, kunkuru, da wani damo da Kawu ya tsaya tambayarsa iyali. Muka saki bushiya, muka koma jirgi.

Sai da muka kai tsakiyar ruwa tabarmar da ke ƙasan jirgin ta motsa. Gamsheƙa ce, baƙa wuluk, ta fito ta fasa kai dab da ƙafar Habsu. Na miƙa hannu zan fizgo yarinyar.

“Kul!” in ji Kawu, can ƙasa-ƙasa. “Amarya, rufe ido, surukarki ce ta zo ganin ɗaki. Amaryar kirki ba ta motsi.”

Habsu ta runtse ido, ta sandare. Ni kuwa Ayatul Kursiyyu da na haddace tun ina ƙarama, na kasa wuce farkonta.

“Salamu alaikum, Hajiya,” ya ce wa macijiyar. Sannan a hankali ya juya jirgin, ya nufi tsibirin da muka baro.

“Kawu, gaɓa na can!” na ce ta cikin haƙora.

“Ta riga ku shiga. Ita za a fara saukewa.”

Ruwa na ja, yana dafa gorar tuƙi, macijiya na kaɗa kai. Da bakin jirgi ya taɓa ciyawa, ta sulale ta bi ta kan ƴan yatsun Habsu ta fice. Na rungume ɗiyata ina kuka. Sai a nan na ga rigar Kawu sharkaf da zufa. Duk da haka ya bi ta da kallo ya ce, “Kai, ƴan zamani! Ko na gode babu.”

Bara ya rasu, bayan girbi. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya tausaya masa yadda ya tausaya wa marasa baki, amin.

Ranar addu’ar uku wata bushiya ta ɓullo gindin randa. Na ɗauki tsintsiya, Habsu ta riƙe mini hannu.

“Inna, bar ta. Gaisuwar Kaka ta zo.”