Kwandastan da Ramuka Suka Koya wa Waƙa

Wallahi idan ba ka taɓa shiga motar Ɗan Baiti ba, ba ka hau bas ba tukuna! Kwandasta ne, siriri kamar tsinke, rabin jikinsa kullum a waje yana reto a ƙofa. Bai yi nisa a makaranta ba, amma bakin nan nasa sai dai a yi shiru.

Tun yana saurayi yake bin titin tsohuwar masaƙa, titin da ya mutu murus. Masaƙar ta rufe, kwata ta cushe har bakin shaguna, ramuka kuwa wani sai ya haɗiye akuya. Kowa tsaki yake yi, shi waƙa yake yi. Mota na faɗawa rami, gwaram, sai ya doki ƙofa ya ɗauka:

"Titinmu ya tsufa, haƙora sun zube,
Fitila ta makance, gini ya ruɓe,
Ku riƙe ƙarfe, 'yan'uwa, kar ku karaya,
Wata rana kwalta za ta zo ta shimfiɗe!"

Sai mota ta ɗauki amshi. 'Yan kasuwa har barin wasu motocin suke su wuce don su jira tasa.

Kwatsam wata rana sai ga katafila ta zo gyaran titi! Ɗan Baiti ya diro ya rungume mai tuƙa ta, mutumin da bai san shi ba, yana ihu yana rawa. Ranar da aka buɗe titin mota ta cika maƙil. Direba ya waiwayo ya ce, "To malam, ga kwaltarka. Sai ka ba mu!"

Ɗan Baiti ya buɗe baki, waƙa ta ƙi fitowa. Ashe girgizar ramukan nan ce take ba shi kari, ita ce gangarsa. Aka kwana biyu bakinsa a rufe, har matarsa ta ce, "Maigida, ko in ɗauki diga in haƙa maka rami ɗaya?" Ya yi dariya, amma tsoro yake ji sosai. In ba waƙa, shi wane ne? Mai kiran tasha kawai.

Wata safiya wata tsohuwa ta taɓo shi. "Ɗana, yau ne na fara ganin unguwar nan ta taga. Da ta ƙuguna nake yi."

Ya leƙa shi ma. Ga masu fenti a bangon masaƙa, ga wata mai shago tana shuka fure a gwangwani, ga taya tana tafiya shuuu. Ya kasa kunne ga wannan shuuu ɗin, sai ya ji murya ta fito masa a hankali, doguwa, irin wadda bai san yana da ita ba:

"Sannu da tashi, unguwata, kin daɗe a kwance..."

Direba ya wuce tasha bai tsaya ba, kuma babu wanda ya ce akwai sauka.